Gawayin Shagona a Katangar Mai Lemu

Da rana tsaka gobarar ta tashi, ana dab da Kirsimeti, lokacin da duk wani tela a bayan kasuwar Gudu yake cike da kayan mutane. Ni na shiga kasuwa sayen zare. Kafin in fita na cire dutsen guga daga soket, na kai bakin ƙofa na dawo na duba, na kai bakin layi na sake dawowa na taɓa soket ɗin da hannuna. Haka Allah ya yi ni, mijina har ya gaji da yi mini dariya a kan wannan hali. Saboda haka na san ba daga shagona ta fara ba. Wayar lantarki ce ta yi tartsatsi a kan rumfar mai gyaran takalmi, wutar ta kama katako, ta bi shagunanmu ɗaya bayan ɗaya.

'Yan kwana-kwana sun zo. Ina so a ji wannan da kyau, domin mutane sun saba cewa ba sa zuwa, ko kuwa su zo babu ruwa. Waɗannan sun zo da wuri, tankinsu cike. Ina gudu daga kasuwa na ji jiniyarsu a bayana, har na ce na gode Allah. Amma da motar ta iso bakin layinmu sai ta tsaya. Direban ya yi gaba, ya yi baya, ya sake gyara kwana, madubin motar yana gogar bango. Ba ta shiga ba. Suka diro da tiyo a guje, tiyon bai kai ba. Kafin su haɗa wani a kan wani, rufin shagona ya rufta a kan keken ɗinkin da mahaifiyata ta sayar da awakinta ta saya mini.

Katanga ce ta tare motar. Mai ita maƙwabcinmu ne, yana saro lemu da kankana daga Zuba yana rarraba wa 'yan kasuwa, duk unguwa Oga muke ce masa. Da can tifa tana shiga layin nan da yashi ta fito lafiya. Shekarar da kasuwa ta yi masa kyau sai ya rushe tsohuwar katangarsa, ya turo sabuwa cikin hanya don ya sami wurin jibge kwanduna. Duk wanda ya buɗe baki, washegari zai tarar da kwandon lemu a ƙofarsa. Waɗanda suka ɗan bugu a mota ne, ba sa sayuwa, amma suna da zaƙi. Mai unguwa ya samu, fasto ya samu, liman ya samu. Ni ma na sha, har na matse wa 'ya'yana a kofi.

Washegarin gobara ina durƙushe cikin toka ina tono abin da ya rage na keken, sai ga Oga da kwando a kafaɗa.

"Madam tela, sannu. Kai, sannu fa. Allah ya mayar da alheri."

"Amin, Oga."

"Ni ban san me ya sa gomnati ke sayen manyan motoci haka ba. Ina amfanin mota da ba zai shiga layi ba? Ai da sun kawo ƙarami, da yanzu ba wannan magana ake ba."

Na ɗaga kai na dube shi. Ba wasa yake yi ba, ba kuma kunya yake ɓoyewa ba. Har ransa ya yarda laifin mota ne. Na ce na gode, ya dire kwandon ya tafi.

Lemun nan ban sha ba, ban ba kowa ba, ban kuma zubar ba. Na ajiye shi a bayan ɗakina, kullum sai na je na dube shi, har ya yi kore, ya narke, ya fara tsiyaya.

Mijina ya ce, "Maman yara, ƙudaje za su kore mu daga gidan nan kafin fushinki ya huce."

Na ce, "Su kore mu."

Abin da na kwaso daga shagon buhun gawayi ne guda: ƙafafun teburin yanka, katakon rufi, bencin da masu kawo ɗinki suke zama. Ban san me zan yi da shi ba. Na dai san ba zan dafa abinci da shi ba.

Bayan sabuwar shekara ina zaune ba aiki, matan da ke sayar da kaya a kasuwa suka fara bar mini ƙananan 'ya'yansu, waɗanda ba su isa makaranta ba. "Anti, riƙe mini shi zuwa azahar." Daga ɗaya suka zama gungu. Wata mai sayar da tumatir ta ce tunda zaman banza muke yi, in koya musu karatu mana. Na yi kwanaki ina juya maganar. A aji shida na firamare na tsaya. In na koya musu ba daidai ba fa, suka shiga makaranta malami ya dake su saboda kuskurena? Turanci kuwa, iyakata in karanta allon shago da sunan magani. Hausa ce na sani sosai, don da ita nake bin waƙa a coci tun ina yarinya. Na tara iyayen na gaya musu gaskiya, na ce Hausa zan koyar, wanda bai yarda ba ya faɗa tun yanzu.

Mai tumatir ta ce, "Anti, ki koya musu ko Sinanci ne, su dai bar ni in yi ciniki."

Yaran ba su zauna ba. Dukansu sun ga gobarar da idonsu, kuma tun daga ranar wasa ɗaya suka sani. Wani ya kifa roba a ka ya zura da gudu yana wiyo-wiyo, sauran su cika baki da ruwa suna fesa wa juna. In rubuta harafi a kan allo in ɗaga, ba mai kallo. Wata safiya na rubuta harafin a, ina ta kiran sunansa ni kaɗai, sai wata ƙaramar yarinya ta matso da ledar ruwa, ta matse ta a kan allon, harafin ya wanke. Ta yi tsalle ta ce, "Na kashe!"

Ranar na roƙi gorunan roba a wurin mai shago, na gasa ƙusa na huda murafan. Na nemi ragowar jan yadi wurin wata tela da wutar ba ta kai gare ta ba, na ɗinka huluna da allura da hannu. Dokar wasan ba ta da wuya. Harafi gobara ne. In na rubuta shi na yi ihu, "Gobara a bango!" sai 'yan kwana-kwana su jeru da gorunansu. Wanda ya kira sunan harafin daidai shi zai fesa masa ruwa har ya mutu. Wanda ya yi kuskure, wuta ta yaɗu ke nan, sai in ƙara rubuta wani a gefensa. Ba abin da yaran nan suka tsana irin su ga wuta tana yaɗuwa.

Allo ya yi mana kaɗan, muna bukatar bango mai faɗi da inuwar safe. Akwai bangon coci, akwai na gidanmu. Ko kallonsu ban yi ba. Na jawo buhuna zuwa bakin layi, na zaro guntun ƙafar teburina, na ɗora a kan farar katangar Oga. Na ja layin baƙi ƙirin tun daga sama har ƙasa. Tun ranar gobara ban yi numfashi mai daɗi irin na wannan lokaci ba.

Da wa, we, wi, wo, wu muka fara, don in kai su ga wuta da wuri. Daga nan ruwa, mota, hula, tiyo, tsani. Kowace safiya kafin su iso sai na buɗe littafin waƙoƙina na tabbatar wane gefe cikin b yake kallo, wane gefe na d yake kallo, ko da yake na sani. Ina tsoron ruwa ya shiga kunnen wani. Ina tsoron wani ya lashi gawayi. Abin da ya fi damuna ita ce katangar kanta. Kullum muna jiƙa ta, gindinta ya fara yin duhu. Sai in zo da sassafe in jingina kafaɗa in tura, in ji ko tana motsi. Ina so ta faɗi, ina kuma tsoron ta faɗi a kan ɗan wani.

Ba a daɗe ba Oga ya fito da hantsi zai tafi Zuba ya same mu.

"Madam tela, kina ɓata mini bango da gawayi."

"Yara suna wankewa da kansu, Oga. Tsaya ka gani."

Ya tsaya. Na rubuta mota, wani ɗan gajere ya karanta ya fesa. Oga ya yi dariya har yana riƙe ciki. Bai tambayi inda na sami gawayin ba. Washegari ya fito riƙe da hannun jikarsa, 'yar 'yarsa ce, uwar tana aiki a wani ofis cikin gari, tana fita tun da asuba.

"Ga amaryata na kawo miki. Ki sa ta cikin sojojinki. In ta yi rashin ji ki faɗa mini in sake ta."

Yarinyar ta ce, "Ni zan sake ka, Kaka, tsoho da kai."

Siririya ce mai wushirya, idonta kamar na tsuntsu. Na yi niyyar in ƙi ta. Na ba ta gorar da ta fi yoyo, na sa ta a ƙarshen layi. Amma kafin a je ko'ina ta wuce kowa. Tana ganin na fara ja sai leɓenta ya fara motsi, kafin in ɗaga gawayi ta gama karantawa. In wani ya kasa, sai ta raɗa masa don kada wuta ta yaɗu. Ban iya ƙinta ba. Ban kuma manta jinin wa take ba.

Yaran suka fara damuna, yaushe za su hau motar gaske. Wata daga cikin iyayen, wadda take shara a wata babbar makaranta, ta ce ai 'yan kwana-kwana suna zuwa makarantu su nuna wa yara mota, in an je an roƙe su. Tana faɗa ina ɗaure wa wani yaro hula. Na ji wata dabara ta faɗo mini gaba ɗaya, da farkonta da ƙarshenta, har na matse igiyar yaron ya yi ƙara.

Daga wannan mako na shigo da sabuwar kalma: katanga. Sun san gaɓar ka, da ta, da ga, amma n ɗin nan da ya maƙale a tsakiya ya hana su sakat. Wani ya ce kataga, wani ya ce katanaga. Wuta ta yi ta yaɗuwa har bangon ya cika. Mai wushirya ce kaɗai ta kama ta, ta faɗe ta sumul kamar sunanta. A nan na gane wadda za ta karanta kalmar ranar da nake shiryawa. Na so in ga ko wani zai iya, na matsa wa ɗan mai tumatir har ya yi kuka, bai iya ba. Na yi addu'a a kan maganar. Na gaya wa Allah komai, ban ɓoye masa ba, amma ban nemi izininsa ba.

Na sa kayan coci na tafi tashar 'yan kwana-kwana. A hanya na juya zan koma gida, na sake juyowa. Aka kai ni wurin wani babbansu mai furfura a gemu, yana zaune a kan benci, direba kuma yana wanke mota a gefe.

"Makarantar taki sunanta me, Mama?"

"Ba ta da suna, ranka ya daɗe. A gindin katanga muke."

Na kwatanta masa wurin. Direban ya tsaya da soso a hannu.

"Bayan Gudu? Layin da muka maƙale kafin Kirsimeti?"

"Shi."

"An buɗe hanyan ne?"

"Ba a buɗe ba."

"To, Mama, ai kin san motan ba zai shiga ba."

Tun daga gida nake tsoron wannan tambaya, domin ba na iya ƙarya. Na ce, "Na sani, ɗana."

Suka dubi juna. Direban ya fashe da dariya har soso ya faɗi cikin bokiti. Sannan ya daina dariyar, ya ce ranar nan bai iya cin abinci ba, yana kallon wuta a gabansa, ga ruwa fal a bayansa. Babban bai yi dariya ba.

"Mu aikinmu mu nuna wa yara mota ne, Mama. Ba ma rushe katangar kowa."

"Ni ma aikina in koya musu karatu ne, ranka ya daɗe."

Ya shafa gemu. "In an kira mu wani wuri ranar, ba za ki gan mu ba."

Na ce na yarda.

Asabar na zaɓa, don ranar Oga yana gida. Na bi iyayen ɗaya ɗaya na ce su zo su ga 'ya'yansu suna karatu. Na je wurin mai unguwa, tsohon manomi ne Bagwari, kakanninsa sun noma wurin nan tun ba a san za a yi Abuja ba. Oga kuwa da kaina na ƙwanƙwasa masa ƙofa.

"Amaryarka za ta yi karatu a gaban jama'a, Oga. Har da motar kwana-kwana."

"Haba! Ai dole in zo. Kujeru fa? Zan ba da kujeru. Zan kawo lemu."

Ya ba da kujerun roba, ya kawo lemu, masu kyau wannan karon. Ban jera kujerun a gindin katanga ba. Can ciki na kai su, filin da shagunanmu suke a da, inda har lokacin ƙasa baƙa ce. Da sassafe na yi rubutuna a katangar da guntun katakon rufi, manya-manyan harufa, na duba su na sake dubawa, sannan na rataya tsohon labule na rufe.

Mutane suka taru, yara suka jeru da jajayen hulunansu. Rana ta ɗaga, ba mota. Na fara cewa an kira su wani wuri. Na fara tunanin gidan wa ke ci da wuta, sai kuma na kama kaina ina jin haushin masu gidan da ban sani ba. Gumi ya jiƙa mini riga. Mijina ya raɗa mini, "Ba a makara ba, je ki cire labulen nan ki wanke bangon." Na bar labulen inda yake.

Sai jiniya.

Yaran suka haukace da tsalle. Daga inda muke zaune ana hango bakin layi. Jar motar ta sako kai, ta tsaya daidai inda ta tsaya a da. Direban ya yi baya. Ya yi gaba. Ya sake gyara kwana a hankali, madubi yana kukan gogar siminti. Na tabbata ya yi fiye da yadda ake bukata, Allah ya saka masa.

"Ku shigo! Ku shigo!" yara suna ihu. Wata ta fara kuka, ta ce motar ba ta son su.

Ba wanda ya ce a tashi, amma kowa ya tashi, muka ɗunguma zuwa bakin layi. Oga yana tafe yana cewa, "Na faɗa, motocin nan sun cika girma." Wannan karon ba wanda ya ce masa haka ne.

Na isa gindin katanga, na fizge labulen, na yi ihu da duk ƙarfina, "Gobara a bango!"

Yaran suka jeru kamar kullum. Na nuna layin farko da sanda.

"Mo-ta ta zo!"

Na nuna na biyu.

"Ru-wa ya zo!"

Iyaye suka fara tafi. Na nuna na uku. Muryoyin suka ce, "Ka... ta..." suka sarƙe, suka yi shiru. Sai mai wushirya ta ture na gabanta ta fito, hularta a karkace, ta ɗaga murya:

"Katanga ta hana!"

Ta juya tana neman kakanta cikin mutane. "Kaka, ka ji? Ban yi kuskure ba!"

Tafin bai zo ba. Ba ka jin komai sai injin motar. Wata mata da shagon kayan masarufinta ya ƙone tare da nawa ta ce a hankali, "Ba ki yi kuskure ba, 'yata."

Yarinyar ta ɗaga gorarta za ta kashe gobarar, tunda ita ta karanta. Babban 'yan kwana-kwana ya sauko ya ce, "Tsaya, ƙanwata. Wannan ta fi ƙarfin gora." Ya sa aka jawo tiyo, ya durƙusa a bayanta ya riƙe tare da ita. Ni kuwa na shiga jan yara baya, ina ƙirga huluna, ina ihu kada kowa ya matso. Aka sake ruwa. Gawayin ya wanke nan take, ya gangaro baƙi. Sai filastar da muka daɗe muna jiƙawa da gorunanmu ta fara ɓallewa tana zubewa falle-falle, tubalin ƙasa ya bayyana a ƙarƙashi. Yarinyar tana ta ƙyalƙyala dariya.

Oga ya zo ya tsaya dab da ni. Bai ɗaga murya ba.

"Madam tela. Da jikana kika rama?"

"Da ita, Oga."

"Yarinya da bai san komai ba."

"Ta san karatu. Kai ka kawo ta."

"Ni da na zo na yi miki jaje. Na kawo miki lemu."

"Kwandon yana nan a bayan ɗakina, in kana so."

Na kalli fuskarsa sosai, ban kau da ido ba. Na daɗe ina jiran ganin fuskar nan haka, kuma ta yi mini daɗi kamar yadda na zata.

Mai unguwa ya dogara sandarsa ya shiga ta ƙofar gidan Oga ba sallama, mutane suka leƙa. Ya tsaya a tsakanin kwanduna, ya buga sandar a ƙasa.

"Nan ne hanya. Babana ya bari don a shigo da doya daga gona. Ni ma na sha lemunka, bakina ya mutu. Yau yara sun tashe shi. Ka mayar da bango inda ka same shi."

Oga ya ja hannun jikarsa ya shige, hularta ta faɗi a cikin ruwa. Sauran yaran suka hau mota, suka danna jiniya, suka sa hular ƙarfe. Lemun da ya kawo manya ba su taɓa ba. Yara ne suka shanye shi tas.

Katangar ba ta faɗi a makon ba, ba ta faɗi a watan ba. Ya yi ta ja, yau birkila ba shi da lafiya, gobe siminti ya yi tsada. Ya aika kwanduna gidaje, mata suka mayar masa da su ƙofarsa. Sai da damina ta wuce, ruwan sama ya ci tubalin da ya tsiraita har ya tsage, sannan ya kira leburori. Ranar na ɗauko kujera 'yar tsugunno na zauna a gefen hanya. Daga tubalin farko har na ƙarshe ban tashi ba, nan mijina ya kawo mini abinci. Da tifa ta farko ta shiga layin, na bi bayanta da ƙafa har ciki ina duba tazarar da ta rage a kowane gefe.

Mai wushirya ba ta ƙara zuwa ba. Litinin ɗin da ta biyo baya aka sa ta a makarantar da ke da motar ɗaukar yara. Na tare uwarta a hanya na tambaya ko an dake ta, ta ce a'a. Na sake tambaya wata rana, ta ce, "Anti, na ce miki a'a." Ba mu kai ga ƙ da ɗ da ɓ ba ta tafi, kuma na san a can ba za a koya mata su ba. Wannan yana damuna. Hularta na wanke na ajiye. Wani lokaci in motarsu ta wuce tana ɗago mini hannu ta taga.

A zumuntar mata ta coci sun tambaye ni ko na yafe. Na ce ina kan hanya. Ba ƙarya na yi ba, amma hanyar da nisa, kuma ba sauri nake yi ba.

Sabuwar katangar tana inda tsohuwa take tun asali. Oga ya sa an yi mata fenti ruwan ƙwai, ya kuma kira mai rubutun alluna ya rubuta da jan fenti, da Turanci a sama da Hausa a ƙasa. Harufan suna da kyau, sun fi nawa tsari. Mun koma yin darasi a daɓen tsohon shagona, gawayina kuma bai ƙare ba, akwai wajen rabin buhu. Amma kowace safiya, daidai lokacin da yake shan shayi a ƙofar gida kafin ya tafi Zuba, sai in jera 'yan kwana-kwanana a gabansa, in gaishe shi da ladabi, in nuna bangon da sanda daga nesa, ba na taɓawa. Su kuwa su buɗe murya har a ji a kasuwa:

"An ha-na ru-bu-tu a nan!"